Dillancin caca a intanet: yadda ake farawa, da inda la'adar take fitowa

Tambayar nan ta ishe ni wallahi, kusan duk sati sai wani ya turo min hoton wani dashbod, wato shafin da yake nuna wa dillalin caca lissafin la'adarsa, cike da daloli yace malam wannan harkar fa ya ake shigarta, ance mutum yana barci kuɗi na shigowa. To bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Na daɗe ina dillanci a intanet, na tallata littattafai na tallata manhajoji, ɓangaren caca ma na taɓa leƙa shi na wani lokaci, don haka abin da zan faɗa ba labarin ance bane.

Da farko dai meye ma afiliyet ɗin? Dillanci ne kawai, babu wani abu sabo. Kamfani zai baka link naka na kanka mai ɗauke da lambarka, ka saka shi a shafinka ko ƙarƙashin bidiyonka, duk wanda ya danna ya je ya yi rajista ko ya sayi kaya sai a rubuta cewa kai ka kawo shi, a baka la'ada. Amazon tun 1996 suke wannan tsarin, kuma su suka sa ya bazu a duniya. Bambancin shine a Amazon mutum ya sayi takalmi an kai masa takalminsa kai kuma ka ci ɗan kamasho shikenan kowa ya tashi da abu a hannu. A caca kuwa babu kayan da ake miƙa wa kowa. Kuɗin da kamfanin yake samu shine kuɗin da ɗan wasa ya rasa, kuma daga cikin wannan asarar ake yanko maka naka. Wannan maganar ka riƙe ta da kyau domin duk lissafin da zai biyo baya a kanta yake zaune, kuma masu sayar da kwas ɗin koyar da harkar basa son faɗinta ƙarara. Wanda addininsa ko zuciyarsa bata yarda da caca ba ya riga ya san cewa nuna hanya ma shiga ciki ne, ba sai na tsaya wa'azi ba. Sana'ar gina shafi da jawo mutane da zan bayyana a ƙasa tana aiki a kowane irin kaya, to mutum ya zaɓa da idonsa buɗe.

Kafin ka sayi sunan shafi, kafin ma ka buɗe imel, abin farko doka ce. Kuma doka biyu zaka duba ba ɗaya ba, ta inda kake zaune da ta inda masu karanta ka suke. Mutane suna ɗauka tunda intanet ne babu iyaka, ai kuwa akwai. Italiya tun 2018 ta kafa dokar hana tallar caca kusan gaba ɗaya. Beljiyam ta ƙuntata talla sosai daga Yulin 2023, Holan ma a wannan watan ta hana tallar da ake watsawa ga kowa da kowa duk da cewa a Oktoban 2021 ta buɗe kasuwar. Indiya a 2025 ta haramta wasannin kuɗi na intanet har da tallata su. A Romaniya shi kansa dillalin sai ya yanki lasisi. Amurka kuma jiha jiha ne, a Mayun 2018 kotun ƙolinsu ta soke dokar 1992 da ta hana cacar wasanni a mafi yawan jihohi, daga nan kowace jiha ta yi nata tsarin, a irin su New Jersey sai ka yi rajista da hukuma kafin kamfani ya biya ka ko sisi. Akwai kuma ƙasashen da caca gaba ɗayanta laifi ce, tallata ta kan iya kai mutum gidan yari. To kaga ba abin da zaka ji a bakin wani mai bidiyo ka rufe ido ka faɗa bane, ka je shafin hukumar da ke kula da caca a ƙasar da kanka ka karanta, in abin ya fi ƙarfinka ka nemi lauya. Dokokin nan kuma canzawa suke kullum, abin da ya halatta bara bana sai ka ga an rufe shi.

In ka wuce wannan, sai zaɓen kamfanin da zaka yi wa dillanci. Ka gangara can ƙasan shafinsu inda ake rubutu da ƙananan baƙaƙe, nan ake saka lambar lasisi da sunan hukumar da ta bayar. Kada ka yarda da tambarin kawai, hoto ne kowa zai iya mannawa, ka kwafi lambar ka je rajistar hukumar ka nema. Hukumar caca ta Birtaniya da ta Malta duk suna da rajista a buɗe. Lasisin tsibirin Curaçao ya daɗe da suna a matsayin mai sauƙin samu, kuma ko wanne iri ne ma, lasisin wata ƙasa baya ba kamfani izinin karɓar 'yan wasa daga ƙasar da take da nata tsarin. Bayan lasisi ka bincika suna biyan 'yan wasa in sun ci? suna biyan dillalai akan lokaci? Kamfanin da yake riƙe kuɗin kwastoma da wasu dalilai na banza kai ma wata rana zai riƙe naka, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Neman shiga ba wuya, akwai wurin da aka rubuta abokan hulɗa ko afiliyet a ƙasan shafin, ka cika fom, su tambaye ka adireshin shafinka da ƙasashen da mutanenka suke da yadda kake samun su, su nemi katin shaida. In sun amince sai su haɗa ka da manaja su buɗe maka dashbod. Yawancinsu manhajojin wasu kamfanoni suke haya irin su Income Access ko NetRefer ko MyAffiliates, shi yasa zaka ga dashbod ɗin kamfanoni daban daban suna kama da juna.

Yanzu ga inda nake so a zauna sosai, tsarin biya. Iri uku ne. Na farko CPA, wato a baka kuɗi tsayayye sau ɗaya akan kowane sabon mutum da ya yi rajista ya zuba kuɗi. Amma fa akwai sharaɗi, sai ya zuba abin da ya kai wani adadi, wani lokacin ma sai ya buga wasa da shi, in bai kai ba ko ƙwandala bazaka gani ba. Na biyu shine wanda suke kira RevShare, rabon riba kenan, a baka kaso daga abin da kamfani ya samu a jikin mutanenka wata bayan wata, galibi zaka ga ana maganar kashi 25 zuwa 40 cikin ɗari gwargwadon yawan mutanen da kake kawowa. Na uku haɗin gambiza ne, ɗan CPA kaɗan da ɗan rabon riba kaɗan.

Sabon shiga yana jin kashi 30 sai ransa ya biya, baya tambayar kashi 30 na me. Bari in yi misali da lambobin da na ƙirƙira don a gane kawai. A ce mutanenka a wata ɗaya sun rasa dala 1,000 bayan an cire abin da suka ci. Ba daga wannan 1,000 ɗin za a yanka maka ba. Za a fara cire bonas da aka basu, a ce 200, a cire harajin gwamnati da kuɗin masu manhajar wasan da kuɗin hada-hadar banki, sannan ga wani abu da suke kira kuɗin gudanarwa wanda shi kamfanin ne yake yanke yawansa yadda ya ga dama, a ce duka sun tashi 250. Saura 550, shine suke kira NGR, kashi 30 ɗinka kuma a nan zai faɗo, dala 165 kenan ba 300 da ka lissafa a kanka ba. Shi yasa kamfanin da ya ce 25 ba tare da kuɗin gudanarwa ba, yana iya fin wanda ya ce 40 biya. Ka tambayi manaja a rubuce, me da me ake cirewa kafin a raba? In ya fara kewaye kewaye to ka san ruwa baya tsami banza.

Sai kuma abin da ya fi ƙona min rai lokacin da na gwada, wato bashin da ake ja maka zuwa wata na gaba. Na tuna wata safiya na buɗe dashbod ina tsammanin ganin ɗan abin da ya taru, sai na ga lamba ja da alamar ragi a gabanta. Na ɗauka matsalar manhaja ce na sake lodawa har sau uku. Ashe mutum ɗaya ne cikin waɗanda na kawo ya ci babban kuɗi a daren, cin nasa ya haɗiye asarar duk sauran har ya bar rami. Kuma a yarjejeniyar da na danna na amince ban karanta ba, an rubuta cewa ramin zai bi ni wata mai zuwa da na bayansa har sai ya cike. Na yi watanni ina kawo mutane ban ga ko sisi ba. Amma abin da ya fi damuna ba kuɗin bane, na kama kaina ne ina jin haushin bawan Allah don ya ci, ina fatan ya dawo ya zubar da abin da ya samu. Mutumin da ya karanta rubutuna ya yarda da ni fa. Wannan tsarin haka yake juya zuciyar mutum a hankali baka ma sani ba. Ba mamaki Jamus a dokarta ta 2021 ta hana biyan dillalan intanet gwargwadon abin da ɗan wasa ya zuba ko ya buga. To in dai zaka shiga, ka nemi kamfanin da yake share ramin ya mayar da lissafi sifili a farkon kowane wata, kuma ka tambaya ko suna haɗa lissafin shafukansu daban daban wuri ɗaya, domin ramin wannan zai iya cinye ribar wancan.

Sauran abubuwan da zaka nema a yarjejeniyar a gurguje: kwana nawa kukis ɗin yake daɗewa, wato ɗan bayanin da ake ajiyewa a burauzar wanda ya danna link ɗinka, da yawa kwana 30 ne, kuma galibi wanda aka danna nasa a ƙarshe shi ke cin la'adar ko da kai ka fara gamsar da mutumin. Mafi ƙarancin abin da za a iya cira nawa ne, kuma ta ina ake biya, banki ne ko Skrill ko Neteller, suna aiki a inda kake? Akwai sharaɗin sai ka kawo sabbin mutane kaza duk wata in ba haka ba a rage maka kaso ko a rufe ka? Wannan kalmar ta "har abada" da suke rubutawa a talla kada ta ruɗe ka. Sky Bet, wani kamfanin caca na Birtaniya, a 2017 rana ɗaya suka sanar sun rufe shirin dillalansu baki ɗaya, mutanen da suka shekara suna tara 'yan wasa suka tashi a tutar babu.

To ina mutanen zasu fito? Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawanci suke gajiya. Tallar biya a rufe take ga sabon shiga kusan gaba ɗaya, Google sai ka samu takardar amincewarsu ƙasa ƙasa kafin ka yi tallar caca, Facebook da Instagram sai da izini daga Meta, kamfanin da ya mallake su, tukunna, in ka yi dabarar ɓoyewa su rufe akawun ɗinka da duk abin da ke ciki. Twitch, shafin haska bidiyo kai tsaye, a Oktoban 2022 ta hana haska wasannin wasu shafukan caca marasa lasisin da ta amince da shi, YouTube ma a Maris ɗin 2025 ta ƙara tsaurara doka akan link da ambaton shafukan da ba a tantance ba. Abin da ya rage shine shafinka na kanka da binciken Google. Ka sayi suna mai sauƙin tunawa, ka ɗora WordPress, wato manhajar gina shafi, ka tabbatar yana buɗewa da sauri a waya domin yawancin masu zuwa da waya suke zuwa.

Amma ka san da wa kake takara. Better Collective na ƙasar Denmak tun 2004 suke wannan aikin, a 2021 sun sayi Action Network, wani shafin cacar wasanni na Amurka, akan dala miliyan 240. Ga Catena Media a Malta, ga Gambling.com Group da ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a 2021. Waɗannan suna da ɗaruruwan ma'aikata, kai kuma kai kaɗai ne da kwamfutarka, in kace zaka ƙwace musu manyan kalmomin bincike ka ɗora wa kanka jan aiki. Dabarar ƙaramin dillali itace ya matse, wasa ɗaya da ya sani ciki da bai, ko gasa ɗaya, ko harshe ɗaya da manyan basu kula da shi ba, ko tambayoyin da mutane suke yi kullum babu mai amsa musu da kyau, irin yadda ake cire kuɗi, dalilin da yasa ake neman katin shaida, ma'anar sharaɗin bonas. Kuma ka sa a ranka watanni zaka yi kana rubutu ba kowa kafin Google ya fara turo maka mutane, wanda ya ce maka sati biyu ƙarya yake.

Wajen rubutun nan ne ake gane dillalin kirki da ɗan damfara. Ɗauki bonas misali. Kamfani zai ce zuba 100 mu ƙara maka 100, a ƙasa kuma an rubuta sai ka juya bonas ɗin sau 35 kafin ka cira, wato sai ka buga wasan dala 3,500 kenan. In ka rubuta kyauta da manyan baƙaƙe ka ɓoye 35 ɗin ka cuci mai karatu, kuma a wasu ƙasashen ka karya doka. Haka lissafin wasan kansa. Rulet, wato wasan da ake jefa ɗan ƙwallo a faifai mai juyawa a canki ramin da zai faɗa, na Turai ramuka 37 gare shi amma ana biya kamar 36 ne, wannan rami ɗayan na sifili shi ke ba gida kashi 2.7 cikin ɗari na duk abin da aka buga in an daɗe, na Amurka mai sifili biyu kuwa kashi 5.26. Babu wata dabara ko sirri da zai goge wannan, don haka kada ka kuskura ka rubuta tabbas ko ba faɗuwa, kada ka sayar da wasan da akace an shirya sakamakonsa, kada ka nuna caca a matsayin hanyar biyan bashi ko madadin aiki. Ni a ganina duk wanda yake haka ya tashi daga dillali ya koma ɗan wala-wala.

Akwai abubuwan da dole su bayyana a shafin, alamar shekaru, 18 a mafi yawan wurare, 21 a jihohin Amurka da dama, da bayani a fili cewa kana samun la'ada in an bi link ɗinka, da hanyar neman taimako ga wanda abin ya zame masa jaraba. Ba ado bane, hukumar lafiya ta duniya ta saka jarabar caca cikin jerin cututtuka. Birtaniya tana da GamStop tun 2018 inda mutum yake rufe kansa daga duk shafukan da ke da lasisin ƙasar, akwai kuma wasu dillalai marasa imani da sana'arsu kawai itace nuna wa waɗannan mutanen shafukan da GamStop bai kai ba, mutum ya gudu da ƙafarsa ka bi shi ka jawo shi, wannan kam ko nawa ake biya kada ka taɓa. Hotunan katun da duk abin da zai ja hankalin yara ka nisance su. Kamfanonin ma yanzu suna sa ido domin a Birtaniya laifin dillali a wuyan mai lasisi yake, a 2017 hukumar caca ta ƙasar ta ci tarar wani kamfani fam dubu 300 saboda tallar yaudara har da wadda ta fito a shafukan dillalansa, shi yasa in ka yi kuskure ɗaya zasu iya rufe ka su riƙe abin da ka tara.

Wasu kurakuran yara ne amma kullum ana yi. Mutum ya yi rajista da link ɗin kansa ko ya sa 'yan gidansu su yi don ya ci CPA, ai suna ganin waya ɗaya da layin intanet ɗaya, ranar biya kawai zasu ce magudi ne. Wani ya sayi mabiya na bogi, wani ya dinga cusa link a saƙon mutanen da basu nema ba. Wani kuma ya jingina da kamfani ɗaya tak, ranar da suka canza sharaɗi ya rasa madafa.

Daga ranar farko ka buɗe takardar lissafi ta kanka, kowane shafi da alamar link ɗinsa daban don ka san wanne ne yake kawo mutane, ka rubuta dannawa nawa, rajista nawa, masu zuba kuɗi nawa. In ka ga dannawa na ƙaruwa amma rajista ta faɗi ƙasa kwatsam ba dalili, ka gwada link ɗin da kanka a wata burauzar ka ga ko lambarka tana nan, wani lokacin lalacewa ce kawai wani lokacin kuma aske maka ake yi. Ka ɗauki hoton dashbod ƙarshen kowane wata, ka ajiye kwafin yarjejeniyar da ranar da ka amince da ita domin suna canza ta ba sanarwa, duk alkawarin da manaja ya yi maka a waya kace ya turo a imel. La'adar nan kuma kuɗin shiga ce, hukumar haraji tana da rabonta a ciki, ka ware shi gefe tun biyan farko kafin ka taɓa sauran.